Hannu ya san maɓalli, allo kuwa sai da ido

Duk wanda ya daɗe yana jan tsohuwar Corolla ya san yadda abin yake. Ido na kan kwalta, hannu ya miƙa ya rage rediyo, ya murɗa esi, ya dawo kan sitiyari. Yatsa ya haddace mazaunin kowane maɓalli, ya san mai tudu, ya san na murɗawa. Allon taɓawa kuwa sumul yake kamar faranti, yatsa ba shi da abin lalube. Dole sai ka duba, kuma a mota duban nan tsada gare shi: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa.

A shekarar 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta auna wannan tsadar. Ta jera sababbin motoci 11 da tsohuwar Volvo V70 ƙirar 2005, aka sa direba yana gudun kilomita 110 ya yi ƙananan ayyuka irin su canza tashar rediyo da ƙara ɗumin mota. A tsohuwar Volvo ɗin daƙiƙa 10 ya gama, motar ta ci mita 306. A cikin MG Marvel R, mai ƙaton allo, sai da ya haura daƙiƙa 44, ya shafe fiye da mita 1,300. Tafiyar sama da kilomita guda ke nan hankali a rabe, don kawai waɗannan ƙananan ayyuka.

Akwai kuma direban Tesla a Jamus da ya saki hanya ana ruwan sama, yana laluben inda ake saita gudun waifa a cikin allo. A 2020 kotun Karlsruhe ta tabbatar masa da tara da dakatar da tuƙi na wata ɗaya, ta ce allon ma na'ura ce da dokar hana danne-danne yayin tuƙi ta shafa. Ni dai tausayinsa na ji. Gilashinsa yake son gogewa, kamfani ne ya ɓoye masa magogin.

Kada a ruɗe mu da sunan zamani. Allo ɗaya ya fi wa mai ƙera mota arha a kan maɓallai talatin, kowanne da wayarsa da ramin da za a dasa shi. Ribar tasu ce, haɗarin namu. Ba na musun amfaninsa wajen taswira da kyamarar ribas, nan kam ya yi rana. Amma me ya kai waifa can?

Turai ta fara farga. Euro NCAP, hukumar da ke bai wa motoci taurarin ingancin kariya, ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko mota na da maɓalli na zahiri ga abubuwa biyar: sigina, fitilar gargaɗi, hon, waifa da kiran agajin gaggawa. Ba doka ba ce, sai dai babu kamfanin da ke son rasa tauraro a idon mai saye. Volkswagen ma, bayan ta sha ƙorafi, ta ce za ta dawo da maɓallan sauti da na iska.

Mu kuma nan gaba motocin da aka ƙera a tsakiyar wannan yayin ne za su sauko mana ta Kwatano da Legas. Za su tarar da ramuka, da ɗan acaba mai ɓullowa ta hagu, da garken shanu a kwana, da ranar da ke haske allo har ba a ganin komai. Maɓalli ya mutu, mai rewaya zai gyara maka kafin la'asar. Allo ya mutu, esi da rediyo sun bi shi, sai an yi odar wani. Abin haushin ma, tun ba su iso ba mun fara cire rediyon asali muna dasa allon Android, har ka ga fim na tafiya a dashbod direba na satar kallo.

In za ka sayi mota, zauna a kujerar direba tun tana tsaye, ka rufe ido. Nemo waifa, nemo fitilar gargaɗi, rage sauti. In sai ka buɗe ido, ka ce wa dillalin ya nuna maka wata.