Yarinyar kanta gaskiya ta faɗa, ba a hannunta yake ba

Tun jiya raina a ɓace yake kan bidiyon nan, kuma sharhin da ke ƙarƙashinsa ya fi bidiyon ƙona min rai. Kun dai gani. Dattijo da furfurarsa da babbar rigarsa ya tsaya a kantar tantance fasinja ta filin jirgin sama yana buga tebur, yana zazzaga wa sa'ar 'yarsa masifa don ta ce ba za ta iya mayar da shi kujerun gaba ba. Ita kuwa ta haɗe hannuwa, sai maimaitawa take yi, "Ka yi haƙuri Alhaji, wallahi ba a hannuna yake ba," har muryarta na rawa. Sai ga jama'a sun yi dafifi a kanta. Wai yaran yanzu ba tarbiyya. Wai da ta san ko waye shi da jikinta na ɓari za ta ba shi. Wani har cewa ya yi a kore ta daga aiki.

A kore ta a kan me? Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ba a hannunta yake ba.

Matsalarmu ita ce mun ɗauko tunanin tashar mota mun kai shi filin jirgi. A tasha, in kana da sanayya da ɗan kamasho ko ka zo da shiga ta kamala, sai a ce wa wani yaro ya sauko ya ba Alhaji gidan gaba, magana ta ƙare. Jirgi ba haka yake tafiya ba. Kafin fasinja ya iso kanta, kwamfutar kamfani ta riga ta san kujera nawa aka sayar a baya, nawa a gaba, waye ke da katin matafiya na kamfanin (wanda ake tara maki da shi a kowace tafiya), wane mataki yake kai, da irin tikitin da kowa ya saya. In akwai wanda za a ɗaga, ita ke jero sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ma'aikaciyar da ke kanta, duk abin da ta taɓa a kwamfutar nan da lambarta yake fita. Ta ɗaga mutum ba bisa ƙa'ida ba, ita za a kira ofis ta yi bayani, lokacin Alhaji ya daɗe da sauka yana gidansa yana shan shayi. Ashe kun ga an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in faɗa muku yadda ake samun kujerar nan kyauta, tunda abin da kowa ke mafarki ke nan. Kamfanonin jirage suna sayar da tikiti fiye da yawan kujerun da ke cikin jirgi, da gangan, saboda sun san a kusan kowace tafiya akwai waɗanda ba za su zo ba. Ranar da lissafin ya kuɓuce, kowa ya zo, ɓangaren ikonomi ya cika ya batse alhali akwai gurbi a bizines, dole a kwashi wasu a kai su gaba don jirgi ya tashi da kowa. Wannan ita ce kyautar da kuke jin labari. Kamfani ne ke warware matsalar da ya jawo wa kansa. Kuma ko a ranar ba a leƙa layi a duba wanda hularsa ta fi tsada. Ana farawa da masu babban mataki a katin matafiya, sai a duba tikiti. Ku ɗauko tikitinku ku duba, akwai wani harafi guda da ke nuna ajin farashi. Y yawanci shi ne cikakken kuɗin ikonomi, J na bizines, sauran haruffa kuma na rangwame ne hawa-hawa. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗaya ya biya, kuma kwamfuta ta san da haka. Wanda ya tsinci tikiti mafi araha a garaɓasa, ba shi da kati, bai taɓa hawa jirgin kamfanin ba, shi ne a can ƙarshen jerin, ko da rawani ya zo.

Na san abin da za ku ce. "Ai wane ya sa kwat ya yi murmushi aka kai shi gaba." Na ji wannan labarin har na gaji. Shekarun baya, lokacin da ma'aikacin kanta ke da ta cewa, wataƙila an yi haka. Yanzu in ka bi diddigin labarin za ka tarar ranar jirgin ya cika ne, kuma sunan mutumin na kan jerin tun kafin ya ɗaura wuyan rigarsa. Shi dai ya ga ya yi murmushi an ba shi sabon katin shiga jirgi, sai ya haɗa biyun ya zo yana ba mutane shawara.

Sai masu cewa, "To kujerun ma babu kowa a kai, me zai ragu da su in sun ba dattijo?" Abin da zai ragu shi ne kasuwarsu. Kujerar gaba ita ce inda ribar jirgi mai dogon zango take. In aka saba cewa duk wanda ya ɗaga murya a kanta zai samu, wa zai ƙara cire miliyoyi ya saya? Kowa sai ya sayi na baya ya zo ya gwada maƙogwaronsa. Shi ya sa kamfani ya gwammace jirgi ya tashi da kujera a wofi. Ko a Amurka, inda aka fi ko'ina al'adar ɗaga masu kati kyauta a jiragen cikin gida, abin ya ja baya sosai. Shugabannin kamfanin jirgin Delta da bakinsu sun faɗa cewa shekaru goma sha da suka wuce, ƙasa da kujera ɗaya cikin biyar na gaba ake saye da kuɗi, sauran duk rabawa ake yi, yanzu kuwa wajen uku cikin huɗu sayar da su ake yi. A can har allo ake kafawa a ƙofar shiga jirgi, ga farkon sunayen masu jiran a ɗaga su a jere, kowa na ganin matsayinsa. Mutumin da kusan rayuwarsa a sama take sai ya ga kansa na goma sha a jerin, kujera biyu ta rage, ya ja jakarsa ya wuce baya ba tare da ya zagi kowa ba. Sannan ko abinci ma ƙirga shi ake yi. Faranti na bizines da aka loda daidai da mutanen da ake tsammani ne.

Masu maganar girmama manya kuma, ku ji tsoron Allah. Yarinyar ta kira shi Alhaji, ta ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Wane girmamawa ne ya rage? Ta saci kayan kamfani ta ba shi, shi ne tarbiyya? Mu da muke kuka kullum cewa alfarma ta kashe ƙasar nan, a asibiti alfarma, a ɗaukar aiki alfarma, a ofishin fasfo alfarma, yau mun samu yarinya ɗaya ta tsaya a kan ƙa'idar aikinta, mun taru muna neman a raba ta da abincinta. Wannan ne ya fi min ciwo. Ina tunanin iyayenta suna karanta sharhin nan, da sunan 'yarsu a bakin duniya, a kan laifin da ba ta yi ba.

Yanzu ga abin da ke ba ni takaici na gaske. Akwai mutanenmu da suke da cikakken haƙƙi a kan kujerun nan, kuma ba su ma sani ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya bi ta Addis Ababa zuwa Guangzhou, ya je ya dawo, bayan wata biyu ya sake komawa. Daga Addis zuwa Guangzhou kaɗai tafiyar wajen awa goma ce. Hajiyar da ke zirga-zirgar Dubai da Alƙahira da Jidda tana saro kaya. Waɗannan su ne irin fasinjan da kamfanoni suka ƙirƙiro tsarin maki dominsu, tun da American Airlines ya buɗe nasa a 1981 sauran suka bi sahu. Ethiopian na da ShebaMiles, Saudia na da Alfursan, Qatar Airways na da Privilege Club, Emirates na da Skywards, Turkish na da Miles&Smiles. Rajista kyauta ce, a waya ma ana yi cikin 'yan mintuna. Kuma kamfanonin suna da ƙawance. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, don haka mai katin ɗaya zai iya tara maki in ya hau ɗayan. Saudia na cikin SkyTeam tare da Kenya Airways da Air France da KLM. Da waɗannan makin ake sayen ɗaga kujera, da su ake hawa mataki har a kai inda za a ƙara maka kilo na kaya, wanda ga ɗan kasuwa ya ma fi kujerar amfani.

Amma ka tambayi goma daga cikinsu lambar katinsu, ka ga amsar da za ka samu. "Ai ejan ne ke yi min komai." Ejan kuwa ya yanki tikiti, bai sa lambar kati ba don babu, imel ɗinsa ya sa, lambar wayarsa ya sa. Mutum ya yi shekara goma yana keta duniya, a idon kwamfuta kullum baƙo ne da ya zo yau. Sai wani ma'aikacin ƙungiya da bai yi rabin tafiyarsa ba, amma yana da kati, a kira sunansa a ƙofa a canja masa kujera, shi kuma Alhaji na kallo yana cewa ai son kai ne, ai don bature ne, ai don yana jin Turanci ne. Babu ko ɗaya. Shi ya yi rajista, kai ba ka yi ba.

Wannan imel ɗin na ejan ma wata asara ce. Kamfanoni da yawa, kwanaki kaɗan kafin tafiya, suna aiko saƙo cewa akwai gurbi a gaba, ka taya. Ka rubuta abin da za ka iya biya, in tayinka ya shiga su cire kuɗin su canja maka kujera, in bai shiga ba ba a taɓa maka ko kwabo. Sau da yawa kuɗin bai kai bambancin da ke tsakanin tikitin biyu ba. Wasu kuma a manhajarsu suke sa farashi lokacin tantancewa, ko a kantar kanta. Da dattijon nan ya ce, "'Yata, nawa ne in ina son in koma gaba?" da wannan tambaya ce da take da amsarta a kan allo, kuma da ta duba masa da murna. Saƙon tayin nan yana can cikin akwatin ejan tare da na wasu mutum ɗari, ba mai buɗewa.

In kuma haƙƙi ake son karewa, a kare shi inda yake. Wanda ya sayi bizines aka mayar da shi baya, wannan shi ke da bakin magana. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce a mayar masa da kashi 30 ko 50 ko 75 cikin 100 na kuɗin tikitin gwargwadon nisan tafiyar, cikin kwana bakwai, kuma in kamfani ne da kansa ya ɗaga ka ba shi da ikon neman ƙarin kuɗi. A Najeriya ma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na da sashen kare haƙƙin fasinja da ake kai ƙorafi. Amma wanda ya sayi baya aka ba shi baya, me aka tauye masa? An ba shi abin da ya saya cif.

Kar wani ya zo min da "ai Najeriya ce, komai da hanya." Ko da wani manaja ya taɓa yi wa wani babba alfarma, manaja ne, da sa hannunsa, shi zai amsa tambaya. Yarinyar kanta ba manaja ba ce. Ba a hannunta yake ba, kuma ihun duniya ba zai sa ya dawo hannunta ba.

Tunda ma maganar ejan ta taso, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Don Allah masu tura iyaye Umara, ku daina miƙa tsohuwa ga ayari ku juya. Keken guragu da mai tura shi a filin jirgi kyauta ne, amma sai an nema, kuma an fi so a sanar da kamfani aƙalla awa 48 kafin tashi don a sa a tikitin. Ku ce wa ejan ya sa, ku tsaya ku ga ya sa. Ku zaɓa mata kujerar gefen hanya ba ta tsakiya ba, kusa da banɗaki, don da yawansu kunya ke hana su ta da mutum biyu, sai su ƙi shan ruwa tun daga Kano har Jidda. Kar ku nema mata layin ƙofar gaggawa don ganin akwai wurin miƙe ƙafa, ba a zaunar da mai rauni a nan, za a tashe ta ne a gaban mutane. Maganinta na hawan jini da na suga ya kasance a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna a wuce da shi ba. Filin jirgin Jidda tafiyar ƙafa ce mai tsawo, kuma na ga tsofaffi suna dafa bango a can suna haki da fasfo a hannu, ba wanda ya san an bar su a baya.