Jarrabawar masu tausa: a gwada hannu, a kuma gwada sanin lokacin janye shi

Mutum ya sauko daga jirgin sama bayan zaman awa goma sha ɗaya, ya wayi gari sharaɓarsa ta hagu tana yi masa ciwo. Ya shiga wurin tausa ya ce a murza masa ita sosai, tsoka ce ta ɗaure. Mai tausar da ya san aikinsa ba zai ɗauko mai ba tukuna. Zai jera ƙafafun biyu ya duba, ya ga ta hagu ta fi ta dama kauri, ya ɗora bayan hannunsa ya ji wurin da ɗumi, ya lura fatar ta yi ja. Daga nan sai ya ce yau babu tausa, a wuce asibiti yanzu. Dalili shi ne mai yiwuwa jini ya daskare a jijiyar da ke can cikin tsokar, kuma murza wurin na iya ɓalle gudan jinin, ya bi hanyar jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Mutum na iya mutuwa a haka cikin mintuna.

Wanda bai sani ba kuwa, naɗe hannun riga zai yi ya danna da ƙarfi, domin abin da aka biya shi ya yi ke nan. Saboda bambancin da ke tsakanin waɗannan mutum biyu nake ganin ba a yi wa kowa zalunci ba idan aka ce sai mai tausa ya ci jarrabawa kafin ya karɓi kuɗin jama'a. Abin da ya rage a tattauna shi ne wace irin jarrabawa, domin da yawa daga cikin waɗanda ake yi yanzu rabin aikin kawai suke aunawa.

Akwai takardu uku da ake yawan cakuɗa su, kuma masu damfara a cikin wannan ruɗanin suke cin abinci. Ta farko ita ce shaidar kammala makaranta, wadda ba ta faɗin komai illa cewa wane ya zauna a aji na tsawon awa kaza. Ta biyu lasisi, wanda hukuma ke bayarwa bisa doka, kuma take iya ƙwacewa. Ta uku shaidar ƙwarewa da wata ƙungiya mai zaman kanta ke bai wa wanda ya nema don raɗin kansa. Lasisi ne kaɗai ke da haƙori a cikinsu. Satifiket mai zanen zinariya da aka samo a kwas ɗin kwana biyu na iya ƙawata bango, amma idan mai shi ya ji wa wani rauni babu inda za a kai ƙara a dakatar da shi.

Matsalar tsohuwa ce. A 1894 mujallar likitocin Birtaniya ta fallasa yadda wasu gidajen tausa a Landan suka zama mafakar karuwanci, ana kuma raba takardun shaida ga duk wanda ya biya. A wannan shekarar wasu mata huɗu ma'aikatan jinya da unguwarzoma suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, suka sa jarrabawa a kan sanin sassan jiki da aikin hannu, suka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a. Wannan ƙungiyar ce ta rikiɗe ta zama ƙungiyar ƙwararrun fisiyo (masu jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi da tausa) ta Birtaniya da ake da ita a yau. Tun daga ranar farko, ke nan, jarrabawar tana kare mutum biyu: wanda ke kwance a kan gado, da mai sana'ar da ke son a daina kallonsa da mummunan zato.

A Amurka, inda kusan kowace jiha ke da dokarta, jarrabawar da ta fi yaɗuwa ita ce MBLEx, wadda tarayyar hukumomin tausa na jihohi ke gudanarwa. Tambayoyi 100 ne na zaɓi-ɗaya a kwamfuta, cikin minti 110, wato ɗan abin da ya haura minti ɗaya ga kowace tambaya. Kwamfutar tana bin sawun ɗalibi: in ya amsa daidai ta ƙara masa wuya, in ya kuskure ta sassauta, don haka ba a tsallake tambaya, ba a kuma komawa baya a gyara. Ta ƙunshi fannoni bakwai, daga ginin jiki da yadda gaɓoɓi ke motsi, zuwa cututtuka da yanayin da ba a tausa a cikinsu, zuwa tantance mai neman tausa da tsara masa aiki, zuwa ɗa'a da doka. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 30 kafin ya sake zama.

Ban raina wannan jarrabawar ba. Tana tace wanda bai buɗe littafi ba, tana kuma da adalci ta fuskar cewa ma'auni ɗaya ake yi wa kowa, babu malamin da zai ɗaga wa ɗalibinsa ƙafa. Amma mutum zai iya cinye ta tas alhali babu wani mai jarrabawa da ya taɓa ganin hannunsa a jikin ɗan Adam. Zai iya zaɓar amsar da ta ce kada a danna gaban wuya, sannan a ɗakin aiki babban yatsansa ya zame daga tsokar gefen wuya ya sauka daidai kan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, bai ma san ya sauka ba. A wurin akwai wani ɗan kumburi da ke auna ƙarfin jini. In aka matse shi, bugun zuciya na iya raguwa mutum ya suma, kuma ga tsoho mai kitse a bangon jijiya haɗarin ya wuce suma. Sanin sunan wuri daban, gane shi da yatsa a wuyan mai ƙiba ko siririn dattijo daban.

Shi ya sa tsarin lardin Ontariyo na Kanada ya fi kwanta mini. Can, bayan jarrabawar rubutu, ɗalibi yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, a kowanne akwai mutumin da aka horar ya kwaikwayi mai wata lalura, ga mai jarrabawa a gefe da takardar maki. A wani ɗakin tambayoyin tarihin lafiya za ka yi, a wani ka nemi izini ka bayyana abin da za ka yi, a wani ka auna motsin gaɓa, a wani ka yi tausar kanta. Jamus ma jarrabawar gwamnati ta masu tausar asibiti kashi uku ce, rubutu da baki da aikin hannu, bayan karatun shekara biyu, sannan a yi wata shida ana aiki a ƙarƙashin kulawa. Irin wannan tana da tsada, tana cin lokaci, tana buƙatar masu jarrabawa da yawa da aka daidaita idonsu. Duk da haka gani ya kori ji.

Da ni za a tambaya me ya kamata a gani a ɗakin gwaji, da tambaya zan fara, tun kafin a taɓa kowa. Wane magani kake sha? Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, danna mai zurfi na iya tara masa jini a ƙarƙashin fata ko cikin tsoka. An taɓa yi miki tiyata? Matar da aka cire wa ƙwayoyin kaluluwa na hammata saboda sankarar mama, hannun wannan ɓangaren na iya kumbura ya ƙi saɓewa idan aka murje shi da ƙarfi ko aka gasa shi. Akwai ciwon suga? Wanda ciwon ya kashe wa jijiyoyin ƙafa ba zai ji zafin dutsen da ake gasa jiki da shi ba sai fata ta tashi. Akwai zazzaɓi, ko makero, ko ƙazuwa, ko buɗaɗɗen rauni? Akwai wani mai da jiki ba ya ɗauka, musamman na gyaɗa ko almon? Ɗalibin da ya tsallake waɗannan ya faɗi, ko da hannunsa ya fi na kowa laushi.

Sai a ce ya nuna, da yatsa a jikin mutum, wuraren da ake taka-tsantsan: gaban wuya, ramin hammata, matsematsi, bayan gwiwa, lungun gwiwar hannu inda jijiya ke kwance a kan ƙashi, ɗan guringuntsin da ke ƙarshen ƙashin ƙirji, da saitin ƙoda a ƙasan haƙarƙari na ƙarshe, inda ba a bubbugawa. A ba shi tsohuwa mai zaizayar ƙashi a ga ko zai rage nauyin hannu, domin haƙarƙarin irin wannan baiwar Allah na iya tsagewa da dannar da saurayi zai ji daɗinta. A ba shi mai juna biyu da ta haura mako 20 a ga ko zai kwantar da ita a gefe da matasai a tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ciki. Kwanciya rigingine na sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jiri ya kama ta. A aje masa tukunyar duwatsu a ga ko zai sa ma'aunin zafi ya tabbatar ruwan na wajen digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Salsiyas, ya gwada dutsen a hannunsa, ya kuma shimfiɗa tawul kafin ya bar shi a wuri ɗaya. A ba shi man ƙamshi mai ƙarfi a ga ko ya san ɗigo 12 a cikin mililita 30 na man shafawa shi ne kusan kashi 2 cikin ɗari, kuma ga tsofaffi da masu ciki rabin haka ake sawa.

Akwai kuma rufe jiki, wanda wasu ke ɗauka ƙaramin abu ne. Sashen da ake aiki a kansa kaɗai ake buɗewa, a soke bakin mayafin yadda ba zai zame ba, a ɗaga shi ya zama labule lokacin da mutum zai juya. A faɗa masa tun farko ina da ina za a taɓa, a kuma sanar da shi cewa yana da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. Mutumin da ya tuɓe ya kwanta ruf da ciki a ɗaki da baƙo ya ba da amana mai girma. Tambayar zaɓi-ɗaya ba ta iya nuna ko hannun ɗalibi ya saba da tsare wannan amanar, amma minti biyar na kallo zai nuna.

Masu adawa da lasisi suna da hujjar da ba za a share ba. Sukan ce yawan awannin karatu da ake ƙaƙabawa shinge ne da ke hana talaka shiga sana'a, makarantu kuma su ne ke cin riba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Jihohin Amurka da dama awa 500 suke nema, jihar Niyok na neman 1,000, makarantun Ontariyo sun daɗe a kan ma'aunin awa 2,200, alhali jikin ɗan Adam ɗaya ne a duk wuraren. Awa ma'aunin zama ne, kuma ita ce ta fi sauƙin sayarwa: an sha kama makarantun bogi suna buga takardar kammala karatu ga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Amma wannan hujjar, in aka bi ta zuwa ƙarshenta, goyon bayan gwajin aikin hannu take yi. Idan jarrabawa na auna iyawa da gaske, ana iya sassauta ƙidayar awanni, a buɗe ƙofa ga wanda ya koya a hannun gwani na shekaru, ya zo ya nuna abin da ya iya. Kowa ya iya allonsa ya wanke.

Haka nan dole tsarin jarrabawar ya yi la'akari da masu lalurar gani, waɗanda suka daɗe a wannan sana'a. A Japan lasisin tausa na ƙasa ne, ana samunsa bayan karatun shekara uku, kuma makarantun makafi na cikin manyan wuraren horarwa. Koriya ta Kudu ta wuce nan, doka ta keɓe lasisin ga masu lalurar gani kaɗai. Jarrabawar da ta dogara kacokan ga allon kwamfuta da hotuna, in ba a tanadi mai karantawa ko rubutun makafi da ƙarin lokaci ba, za ta kori wasu daga cikin mafi gwanintar hannu.

Wani gyaran kuma a cikin manhajar yake. Har yanzu ana koya wa ɗalibai cewa tausa na fitar da guba daga jiki, ko tana wanke sinadarin da ke sa tsamin jiki bayan motsa jiki, alhali jiki da kansa ke kawar da wannan sinadarin cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Abin da tausa ke yi na gaskiya ya isa abin alfahari: tana rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, tana sassauta damuwa, tana taimaka wa wasu su yi barci. Mai lasisin da ke cewa yana warkar da hawan jini ko ciwon suga ya fita daga huruminsa, kuma ya kamata jarrabawa ta ƙunshi tambayar da za ta kama mai irin wannan tunanin. Gano cuta da rubuta magani aikin likita ne. Na mai tausa shi ne ya lura da alama ya tura.

Cin jarrabawa sau ɗaya ma bai wadatar ba. A wurare da yawa ana sabunta lasisi duk bayan shekara biyu, da sharaɗin ƙarin karatu, wasu kuma har da shaidar sanin taimakon gaggawa na farfaɗo da zuciya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne rajista a buɗe: sunan mai tausa, lambar lasisinsa, ranar ƙarewarsa, da duk wani hukunci da aka taɓa yanke masa, a shafin hukuma inda kowa zai iya dubawa. Hukumomi su riƙa musayar wannan bayanin, don kada wanda aka kora a wani wuri saboda cin zarafi ya tsallaka iyaka ya buɗe sabon ɗaki. Mai neman tausa kuma ya tambayi lambar, ya duba ta a waya kafin ya cire takalmi, sannan ya lura ko an tambaye shi lafiyarsa da magungunan da yake sha kafin a ce ya hau gado.