A auna jinin mai ciwon daji kafin a ce magani ya gaza

Tun da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ƙaddamar da shirin Project Optimus a 2021, ta kuma fitar da cikakkun ƙa'idojinsa a watan Agustan 2024, ake ta yabo kamar an gama da matsalar yawan maganin da ake ba masu ciwon daji. Shirin ya yi kyau, ban musa ba. Ya matsa wa kamfanoni su daina ɗaukar adadi mafi yawa da jiki zai iya jurewa su mai da shi ƙa'ida. Kowa ya ga abin da ya faru da sotorasib, maganin sankarar huhu, da aka amince da shi a kan miligiram 960 a rana, sannan aka umarci kamfanin ya gwada shi da 240. To amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan duk wannan, adadi ɗaya ake nema wa kowa da kowa. An rage girman rigar ne kawai, ba a auna mai sakawa ba.

Mu ɗauki imatinib, ƙwayar da ta sauya labarin sankarar jini tun 2001. Miligiram 400 a rana ake rubuta wa babban mutum da ƙaramin jiki, tsoho da matashi. Idan ka ɗebi jinin mutum biyu da ke shan adadi ɗaya, dab da lokacin shan ƙwaya ta gaba, sai ka tarar na ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Tun 2007 da 2008 bincike ya nuna cewa waɗanda maganin ya kai kimanin nanogiram 1,000 a kowace mililita ta jininsu sun fi samun sauƙi. Shekara nawa ke nan?

Dalilan bambancin ba ɓoyayyu ba ne. Waɗannan ƙwayoyi ta baki ake shan su, a gida, ba ƙarin ruwa ba ne da ma'aikaciyar jinya ke tsaye a kai. Sai sun bi ta ciki da hanji, hanta ta sarrafa su, kuma hantar kowa da saurin aikinta. Pazopanib, na sankarar ƙoda, idan aka sha shi da abinci abin da ke shiga jini yakan ninka kusan sau biyu. Erlotinib kuwa, mai shan taba yakan samu kusan rabin abin da wanda ba ya sha yake samu. Magungunan rage tsamin ciki da mutane ke sha babu shawarar kowa suna hana wasu daga cikin ƙwayoyin ciwon dajin narkewa sosai. Rifampicin, maganin tarin fuka, yana iya zaftare kusan kashi 70 cikin ɗari na imatinib da ke jini. Ga kuma wanda ke tsallake kwana yana jin nauyin faɗa wa likita.

An ce jiki magayi, gaskiya ne, amma rabin labari yake bayarwa a nan. Idan magani ya yi yawa, gudawa da ƙuraje da hawan jini za su kai ƙara, likita ya rage. Idan ya yi kaɗan fa? Shiru. Majinyaci na murna ba ya jin wahala, ƙari kuwa na ci gaba da girma. Sai bayan watanni hoto ya nuna, a ce cutar ta bijire wa magani, a koma wani da ya fi tsada, wani lokaci ya fi wahalarwa. Mutumin da ba a taɓa ba shi isasshen magani ba, ta yaya za a ce magani ya gaza a kansa? Wannan ne ke ƙona mini rai.

Masu ja da baya na cewa babu manyan gwaje-gwajen da suka tabbatar awon yawan magani a jini yana tsawaita rai. Wa zai zuba kuɗin irin wannan gwaji a kan ƙwayar da kowane kamfani ke iya yi yanzu? Kuma shaidar da ke ƙasa ba ƙarama ba ce. A Faransa an yi gwaji a kan imatinib, inda aka ƙara wa waɗanda jininsu ya nuna ƙaranci, kusan biyu cikin uku suka kai matakin sauƙin da ake nema cikin shekara guda, alhali waɗanda aka bari a kan adadinsu ba su kai rabi ba. A Holan, wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi majinyata 600, ya rage yawan masu ƙarancin magani a jini da kashi 39 cikin ɗari. Wani lokaci ma ba ƙarin ƙwaya aka yi ba, raba pazopanib gida biyu aka yi, ko aka ce a sha da abinci.

Zancen cewa aikin na da wuya kuwa, ban karɓa ba. Shekaru da dama likitoci na auna lithium, na taɓin hankali, da vancomycin, na kashe ƙwayoyin cuta, da tacrolimus, na hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa, a jini, har da methotrexate a sashen ciwon dajin kansa. Babu likitan da zai ba wanda aka dasa wa ƙoda tacrolimus ya ce sai abin da ya gani.

Ban ce a auna kowane magani ba, akwai waɗanda ba a san iyakar da ake nema ba tukuna. Amma inda aka sani, irin imatinib da pazopanib da sunitinib, shi ma na sankarar ƙoda, a sa awon cikin ƙa'idar jinya, a ɗebi jini bayan makonnin farko, masu inshorar lafiya su biya. Kamfanoni kuma a tilasta musu bayyana alƙaluman da suka tara kan dangantakar yawan magani a jini da samun sauƙi tun ranar da suka kawo sabuwar ƙwaya neman izini.