Ruwa ya janye, sai me?

Tun jiya nake danne zuciyata, amma abin ya ƙi wucewa. Duk kun ga bidiyon dattijon nan da ke tsaye a gonarsa, ruwa iya ƙugu, yana laluben karan masara yana ɗagowa yana saki. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da wani bawan Allah ya rubuta a ƙarƙashinsa, wai "ai ruwa zai janye, ya sake shuka mana, mene ne abin kuka?" Mutane kuma suka yi ta yaba masa. Wannan magana akwai rashin sani a cikinta, akwai kuma rashin tausayi, kuma ba zan yi shiru ba.

Ku ji da kyau: ga ƙaramin manomi, ranar da ruwa ya janye ita ce ranar da wahala ke soma wa. Mu masu kallo daga waya, da zarar mun ga ƙasa ta bayyana sai mu ce an wuce wurin. Shi kuwa a ranar ne zai taka gonarsa ya ga abin da aka bar masa.

Ya sake shuka da me? Irin da zai shuka yana cikin rumbun da ruwa ya shiga. Hatsin da ya jiƙe ko ya tsira a buhu, ko ya yi fumfuna, kuma irin wannan fumfunar tana iya fitar da guba mai lalata hanta, ko dabba bai kamata a ba ta ba. Takin da ya ci bashi ya saya ya zuba, ruwa ya tafi da shi. Bashin kuwa yana nan daram, mai shi na jiran kaka. Sannan lokacin shuka ba ya jiran kowa. Wanda ruwa ya ci masa gona bayan masara ta yi goyo, shekarar ta tafi ke nan, sai dai a yi maganar baɗi.

Kuma ba sai ruwa ya tumɓuke shuka yake kashe ta ba, wannan ne mutane ba su gane ba. Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta a gona, cikin kamar kwana biyu iskar da ke cikin ƙasa ta ƙare. Yabanyar masara da ruwa ya rufe ba ta wuce kwana biyu zuwa huɗu, in ana zafi ma ba ta kai haka. Za ka ga ganye tsaye kore shar, ka ce Alhamdulillahi ta sha. Bayan mako ka tarar ya yi ɗorawa, ka ja kara ya biyo hannunka ba gardama, saiwar ta yi baƙi tana wari. Manomi ya san wannan warin, shi ya sa dattijon nan yake ɗaga kara yana saki. Ya riga ya san hukuncin.

Sai ita ƙasar kanta. Ruwa mai ƙarfi yana kankare ƙasar sama, wadda ita ce mai albarkar, wadda ake ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin 'yar kaɗan ta taru. A madadinta ya jibge rairayi. Mutum ya gaji gona daga mahaifinsa, ya shekara talatin yana zuba mata takin dabbobi, dare ɗaya ta koma kamar gindin kogi a rani. Wa zai kwashe masa wannan yashin? Da wace mota? Da kuɗin wa?

Na san za a ce mini ai ambaliya tana kawo laka mai ƙara wa ƙasa ƙarfi. Haka ne, ruwan da ke tasowa a hankali a lokacin da aka saba, ya kwanta ya janye, shi ya ciyar da manoman bakin kogin Nilu dubban shekaru. Wannan daban, wanda ya fasa gaɓa tsakar dare ya tafi da awaki daban. Kada a haɗa su.

Za a kuma ce me ya kai shi noma a bakin ruwa. Ina kuke so ya je? Nan gonarsa take, nan ƙasa mai kyau take, kuma talaka ba ya zaɓen inda zai gada. Masu cewa ya yi inshora kuwa, ban ma san ta ina zan fara ba. Mutumin da ke rancen kuɗin taki ne zai biya kuɗin inshora?

Babban manomi mai gonaki a wurare uku, in ɗaya ta nutse biyu za su ɗauke shi. Ƙaramin manomi gonar nan ɗaya ita ce albashinsa, ita ce abincin gidansa, ita ce kuɗin makarantar yara da na magani. Dabbobinsa su ne ajiyarsa. Waɗanda ruwa bai tafi da su ba, ga harawa ta ruɓe, ga ciwon ƙafa daga tsayuwa cikin taɓo, ga ciwon hanta. Dole ya sayar, kuma a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, a farashin wulaƙanci. Ranar da ya sayar da san huɗa don ya ciyar da iyali, noman baɗi ya ragu tun kafin ya zo. Daga nan sai a cire babban yaro daga makaranta ya tafi birni neman abin kai wa baki. Duk wannan bayan ruwa ya janye ne, bayan masu ɗaukar hoto sun tattara sun tafi.

Kada wani ya ɗauka maganar mutum ɗaya ake yi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin duniya ba su kai hekta 2 ba, kuma su ke samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da duniya ke ci. A ambaliyar Pakistan ta 2022 mutum miliyan 33 abin ya shafa, sama da 1,700 suka rasu, dabbobi fiye da miliyan ɗaya suka hallaka. A lardin Sindh ruwa ya yi watanni kwance a gonaki, har manoma da yawa suka rasa inda za su shuka alkamar da ke biye. Ambaliya ɗaya, girbi biyu. A shekarar dai Najeriya ta rasa sama da mutum 600 a ambaliya. Ana ƙirga gawa, ana ƙirga gidaje, amma mutumin da ya rayu ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani, ba ya shiga lissafin kowa.

Wallahi ba na hana kowa cewa Allah ya mayar da alheri, ni ma ita nake yi masa. Amma in za a taimaka, a taimaka da abin da zai tayar da gona: iri a kan lokaci, ɗage biyan bashi, maganin dabbobi, gyaran rijiyar da ƙazanta ta shiga. Tabarma da bargo na mako guda ne.

Af, tun da na ambaci iri. Akwai shinkafar da ke jure nutsewa har kusan mako biyu, alhali ta yau da kullum ba ta cika wuce mako ba. Masana a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin da abokan aikinsu suka samo wannan hali daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya, kuma tun 2009 ake noma irin mai wannan hali da ake kira Swarna-Sub1 a Indiya. Shekara nawa ke nan? Masu aikin gona da ke bibiyata, don Allah ku gaya mini, me ya hana irin wannan ya kai hannun duk manomin da ke bakin kogi?