Wai Gwamnan Hoto Ne? Ku Tambayi Jack Lang

Tunda bidiyon sanatar nan ta Ostireliya, Lidia Thorpe, ya sake dawowa, wanda take yi wa Sarki Charles na Ingila, wanda shi ne kuma sarkin Ostireliya, ihu a majalisa cewa shi ba sarkinta ba ne, manazartan Facebook suka samu abin yi. Jiya wani babban farfesan kwamen ya yanke mana hukunci: wai gwamnonin jihohin da ke wakiltar Sarki a can hoto ne, jeka-na-yi-ka, aikinsu yanka kyalle da shan shayi. Mabiyansa kuwa sai tafi. Madalla da ilimi.

Malam, wanda zai iya korar zaɓaɓɓen firimiya ba hoto ba ne.

Eh, ba a zaɓen gwamnonin. Jihohi shida, kowace da gwamnanta, firimiya ne ke miƙa suna Sarki ya sa hannu, kuma tun dokar 1986 gwamnatin Landan ba ta da bakin magana a naɗin. Kullum aikinsu rattaba hannu a doka da rantsar da kwamishinoni. Duk mun sani, ba sai an turo min ba. Amma a je a duba 1932 a jihar New South Wales. Tattalin arzikin duniya ya karye, firimiya Jack Lang ya ce ba zai biya masu bin bashi na Ingila kuɗin ruwa ba alhali mutanensa na kwana da yunwa. Gwamnatin tarayya ta taso za ta ƙwace kuɗin jihar, shi kuma ya sa aka kwashe su daga bankuna aka jibge tsaba a baitulmali, ya hana ma'aikata miƙa ko sisi. Ranar 13 ga Mayu gwamna Sir Philip Game, Bature, tsohon hafsan sojan sama da ko ƙuri'a ɗaya ba a taɓa jefa masa ba, ya rubuta masa takardar sallama. Lang na da rinjaye a majalisa, amma haka ya tattara ya fita. Wannan ne hoton naku?

Za ku ce ai an daɗe. To ikon an soke shi ne? Yana nan a ajiye, kuma a 1975 Gwamna Janar John Kerr, wakilin Sarauniya a matakin tarayya, ya yi wa firaminista Whitlam irin wannan aika-aikar.

Abin da ya fi ƙona min rai, wallahi, mu ma mun taɓa zama a ƙarƙashin wannan tsarin. Sardauna firimiya ne, gwamnan Arewa kuwa Sir Kashim Ibrahim, wanda ya karɓa daga Sir Gawain Bell a 1962 yana wakiltar Sarauniya. A Yamma, gwamna Adesoji Aderemi, Oonin Ife, ya tsige firimiya Akintola a watan Mayun wannan shekarar, aka ba hammata iska a majalisar Ibadan, aka kafa dokar ta-ɓaci, shari'a ta kai har Landan. Wutar da ta ci Jamhuriya ta Farko, wani ɓangarenta daga wannan sa hannun ta kama. Tarihinmu ne, amma samarinmu sun fi sanin jerin 'yan wasan Arsenal. Ni ban ce tsarin mai kyau ba ne, kada wani ya zo min da wannan. Cewa na yi wanda ke riƙe da alƙalamin kora ba hoto ba ne.

Af, kuma maganar yanka kyallen da kuke rainawa. Wata biyu kafin korar, Lang ya dage shi zai buɗe babbar gadar Sydney da kansa, ba gwamna ba. Ana tsaka da biki sai ga wani Francis de Groot bisa doki, cikin kakin soja, ya zare takobi ya datse kyallen kafin firimiya ya kai almakashi. Aka sauko da shi, aka ƙulla kyallen aka sake yankawa, aka kai shi asibitin mahaukata likitoci suka ce lafiyarsa ƙalau. Tarar fam biyar aka ci shi. A nan da ko dokin ba zai sake gani ba.