Wanda ya ba da aron mota da wanda ya yi kisa, hukuncinsu ɗaya?

Ryan Holle yana da shekara 20 a watan Maris na 2003, a garin Pensacola da ke jihar Florida a Amurka. An kwana ana shagali a gidan da yake zaune, da asuba abokin zamansa ya ce ya ara masa mota. Ya miƙa masa makulli, shi kuma ya zauna a gida. Abokin ya kwashi wasu mutum uku, suka nufi wani gida da ake sayar da wiwi don su sace akwatin ƙarfen da ake ajiya a ciki. A can ɗayansu ya ɗauki wata bindiga da ya tarar a gidan, ya rotsa kan wata budurwa 'yar shekara 18 da gindin bindigar, ta mutu. Holle yana nesa da wurin fiye da kilomita biyu. A 2004 kotu ta same shi da laifin kisan kai mafi girma, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, babu damar sakin talala. Hukuncin da aka yi wa wanda ya yi kisan da hannunsa ke nan. Hujjar mai gabatar da ƙara gajeriya ce: in da babu mota, da babu laifin.

Kada wani ya ɗauka yaron nan waliyyi ne. Da bakinsa ya faɗa wa 'yan sanda maganganun da suka nuna ya ji ana zancen satar, ko da yake a kotu ya ce shi wasa ya ɗauka suke yi. Mu ɗauka ma ya sani sarai. To, ya taimaka wa ɓarayi, a ɗaure shi a kan taimakon ɓarayi. Amma kisa?

Dokar da aka yi amfani da ita tana nan a kusan dukkan jihohin Amurka. Idan kuna cikin aikata babban laifi, kamar fashi, fasa gida, fyaɗe, sace mutum ko cinna wa gini wuta, sai rai ya salwanta, to duk wanda ke da hannu a laifin farkon ya zama mai kisan kai. Ba sai an tabbatar ya yi niyyar kisa ba. Ba sai an nuna yana wurin ba. Niyyar satar ita ake ɗauka a ɗora a kan kisan. Daga tsohuwar dokar Ingila ake danganta ta, amma Ingila ta yar da ita tun 1957. Kotun ƙolin Kanada ta karya ta a hukunce-hukuncen 1987 da 1990. A cikin Amurkar kanta, Hawaii da Kentucky sun soke ta, kotun ƙolin Michigan kuma ta cire mata haƙori a 1980.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma da shi na tashi: abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kuma maganar ba ta banza ba ce. Uwar da aka kashe wa 'ya ba ruwanta da wanda ya riƙe bindiga da wanda ya tsaya a bakin ƙofa, ita dai ta san sun zo tare, 'yarta kuma tana kabari. Sannan 'yan fashi sun iya nuna juna, kowa ya ce ba shi ya harba ba, sai a rasa wanda za a kama. Da irin wannan dokar ce kotu ta sami William Bryan da laifin kisa a jihar Georgia a 2021, mutumin da ya bi wani baƙar fata mai suna Ahmaud Arbery da mota, ya tare masa hanya, yana ɗaukar bidiyo har aka harbe shi. Bai harba ko harsashi ɗaya ba, amma ban ji tausayinsa ba, kuma har yau ba na ji. Shi yana wurin, ya ga bindiga, ya sa hannu a farautar mutum. Wanda ya shiga gidan mutane da dare tare da mai bindiga, ya san da ita, ya san abin da aka fito yi, ba shi da bakin cewa bai zaci za a yi harbi ba.

Damuwata ita ce dokar ba ta iya bambanta Bryan da Holle.

Ku dubi abin da ya faru a Millbrook ta jihar Alabama a 2015. Samari biyar suka fasa gidaje, 'yan sanda suka ritsa su. Wani ɗan sanda ya harbe ɗaya daga cikinsu, A'Donte Washington, ɗan shekara 16, wanda ke riƙe da bindiga. Aka wanke ɗan sandan. Sai aka juyo kan Lakeith Smith, ɗan shekara 15, aka tuhume shi da kashe abokinsa, aka kuma gurfanar da shi a matsayin babba. Kowa ya san yatsan wa ya ja kunamar bindigar, kyamarar da ke jikin ɗan sandan ta ɗauka. Duk da haka a 2018 aka yanke wa Lakeith shekara 65. Daga baya aka rage zuwa 55, a 2023 aka mayar 30. Mahaifin yaron da aka harbe ma ya tsaya masa.

Akwai wani abu da ya haɗa Lakeith da Holle wanda ba a cika magana a kai ba. Kafin shari'a an yi wa Lakeith tayin shekara 25 in ya amsa laifi, ya ƙi. An yi wa Holle tayin shekara 10, shi ma ya ƙi. Ke nan masu gabatar da ƙara da kansu sun ga shekara 10 ta wadatar a kan abin da Holle ya yi. Me ya ƙaru tsakanin ranar tayin da ranar hukunci? Ba a sami wata sabuwar gawa ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yaron ya ce a kai shi gaban masu taya alƙali yanke hukunci, domin a tunaninsa wanda bai kashe kowa ba ba za a kira shi mai kisa ba. Tunanin kowane mai hankali ke nan, kuma shi ya ja masa rai da rai. Dokar ta zama bulala a hannun mai gabatar da ƙara: ka amsa, ko kuwa.

Dalilin da ya sa ta fi cin matasa kuwa ba boyayye ba ne. Babba mai shekara 40 in zai yi ta'asa yakan yi ta shi kaɗai. Saurayi a gungu yake tafiya. “Zo ka raka ni.” “Tsaya nan, in ka ga wani ka yi fito.” “Ara mini mashin ɗinka, yanzu zan dawo.” Da yawansu ba su san abin da ke cikin aljihun na gaba ba, wasu sun sani amma kunyar a kira su matsorata ta hana su juyawa. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg ya nuna matasa sun fi yin ganganci idan sa'o'insu na kallonsu, abin da ba a gani sosai ga manya ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun daɗe suna cewa sashen da ke taka wa mutum birki bai gama nuna ba sai wajen tsakiyar shekarun ashirin. Masu kare dokar suna cewa tana tsoratarwa. Tana tsoratar da wa? Ɗan shekara 19 da bai taɓa jin labarinta ba sai ranar da lauya ya karanta masa takardar tuhuma?

Kotun ƙolin Amurka ta ɗan ja layi nan da can. A 1982 ta hana kashe Earl Enmund, direban da ya jira a mota ana fashi, a 1987 kuma ta ce ana iya kashe wanda ya taka babbar rawa yana ko-in-kula da ran mutane. A 2012 ta hana a tilasta wa alƙali yanke ɗaurin rai da rai marar sakin talala ga wanda bai kai 18 ba. Amma wanda ya cika 18 jiya, wannan rangwamen ya wuce shi, kamar hankali a daren zagayowar haihuwa yake sauka. Kotun ƙolin Massachusetts ta ƙi yarda da haka a farkon 2024, ta haramta irin wannan ɗaurin ga 'yan 18 zuwa 20.

Wani zai kawo mini maganar Sayyidina Umar, da ya kashe taron mutane saboda rai ɗaya, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kan kisan da ya kashe su duka. Gaskiya ne, amma waɗancan a kan kisan suka haɗa baki. A babin fashi kuma malamai sun yi saɓani kan mai gadin baya: Malikiyya suna haɗa shi da wanda ya yi kisan, Imam Shafi'i ya ce ladabtarwa ce tasa. Ko a wajen masu tsanantawa, zancen wanda ya fita tare da gungun ake yi yana mara musu baya. Fiƙihun da ya raba kisan ganganci da na kuskure, ya ba dangin mamaci damar yafewa ko karɓar diyya, ba shi ne za a kafa hujja da shi a kan mai aron mota ba.

Mu ma kada mu yi wa Amurka dariya. Dokar fashi da makami ta Najeriya ta tanadi kisa ga wanda ya yi fashi da makami, da wanda ke tare da mai makamin, ko da ba a kashe kowa ba. Segun Olowookere yana da shekara 17 aka kama shi a jihar Osun a 2010, a shari'ar da ta yi suna da satar kaji. Aka yanke masa hukuncin kisa a 2014, sai a Disambar 2024 Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa, bayan labarin ya karaɗe intanet. Shi ma Holle sai da Gwamna Rick Scott ya rage masa zuwa shekara 25 a 2015. Ni ba na son dokar da sai gwamna ya ji tausayi kafin ta yi daidai, domin yaran da labarinsu bai fito ba sun fi yawa.

Abin da California ta yi a 2018 ya fi kwanta mini. Kafin a kira mutum mai kisan kai, sai an tabbatar da ɗaya cikin uku: shi ya yi kisan, ko ya taimaka da niyyar a kashe, ko ya taka babbar rawa a laifin yana ko-in-kula da ran mutane. Dokar ta kuma buɗe wa waɗanda aka riga aka ɗaure ƙofar komawa kotu a sake duba hukuncinsu. Da wannan ma'aunin, ɗan fashin da ya shiga da bindiga bai tsira ba, mai gabatar da ƙara ne kawai aikinsa ya ƙaru, domin sai ya tsaya ya nuna abin da kowane yaro ya sani da abin da ya aikata, ɗaya bayan ɗaya.