Kuɗin Giya, Beyar Mai Hula Da Mujiya Biyu

Duk yammacin Juma'a idan aka tashi aiki, abokan aikina sukan ratse wata mashaya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Wani lokaci nakan bi su in zauna da kofin lemona, don a Ingila rabin hirar ofis can ake ƙarasa ta. Akwai wani dattijo a cikinmu, ya kusa ritaya, bai taɓa biyan kuɗin giya bai ja tsaki ba. Sai ya ɗaga kofin ya harare shi, ya ce shi fa da 'yan kwabban aljihu ya saba sayen wannan, ga shi yau fam biyar ba ta isa.

Kukan kuɗin dai ba ya wuce minti biyu. Da zarar wani ya ambaci tsofaffin tallan giya na talabijin, hira ta samu wurin zama. Wannan ya tuno George, beyar ɗin tallan giyar Hofmeister mai hula da riga ruwan ɗorawa, yana tafiya yana taƙama kamar ɗan gayu. Wancan ya kawo tallan giyar Carling Black Label, inda kurege yake bin igiya yana tsallake shinge bayan shinge har ya kai ga abinci, mujiya biyu suna kallo daga kan bishiya, ɗaya ta ce wa 'yar uwarta ai wannan da gani Carling yake sha. Na Heineken kuwa, wanda a shekarun 1970 ya fara cewa giyarsu tana wartsakar da sassan da sauran giya ba sa kaiwa, tare suke faɗarsa kamar 'yan aji. Na taɓa tambaya ko Hofmeister ɗin tana da daɗi. Aka kwashe da dariya, dattijon ya ce ruwan wanke kwano ce.

To me ake kewa ke nan? A ganina, zamanin da kowa ke kallon abu ɗaya. Kafin a buɗe Channel 4 a Nuwamban 1982, tashoshin talabijin uku ne kacal a ƙasar, kuma ITV kaɗai ke sa talla. Barkwancin da aka nuna da daddare, da safe yana bakin direban bas da leburan masana'anta da maigidansu. Yau tallan da ke bin ka a waya ba shi ne ke bin na kusa da kai ba, da wa za ku yi dariyarsa?

Akwai wata Bafaranshiya a teburin, ita shiru take yi idan an fara. A ƙasarsu dokar Évin ta 1991 ta hana tallan barasa a talabijin gaba ɗaya, don haka ta tashi ba ta da ko ɗaya da za ta tuno. A nan ma an ɗaure ƙa'ida: talla ba zai ja hankalin wanda bai kai 18 ba, kuma wanda aka nuna yana sha dole ya kai 25. Arhar ma wani wurin da gangan aka kashe ta. Scotland ta kafa mafi ƙarancin farashi a 2018, kwabo 50 kan kowane ma'aunin barasa, ta ɗaga shi zuwa 65 a 2024.

Dattijon yana cewa gwamnati ta kashe raha. Ni ina bayan dokar, ko da yake kuregen nan ya sa ni dariya da aka nuna mini shi a YouTube. Beyar mai hula da wa yake magana in ba yara ba? Da na faɗi haka ya ce kai ɗana, ba ka fahimta ba, wasa ne kawai. Sai wata mai kula da asusunmu, wadda ta ba hamsin baya, ta ajiye kofinta ta ce ita tana firamare suke kwaikwayon tafiyar George a filin wasa, har malaminsu yana taya su.